Garin Yelwa da Tafkin Kainji: Jawabin Ranar Aza Harsashin Masallaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kowa Mai komai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, kwamitin gini ya ɗora mini in faɗi wani abu game da tarihin garin nan, da yanayin ƙasarsa, da mutanen da ke cikinsa. Bayanin falalar gina masallaci na malamai ne, sun kuwa yi shi yadda ya kamata. Nawa shi ne in nuna wa masu ba da taimako irin ƙasar da za a zuba dukiyarsu a kai, da irin mutanen da za su yi sahu cikin ɗakin in Allah Ya nufa an gama.

Yelwa ba ita ce fadar Yawuri ta asali ba. Tun kafin a san ta da sarauta mazaunin Gungawa ce, watau mutanen gungu, waɗanda a bakinsu Reshe suke kiran kansu. Su ne suka zauna tsibiran kogin Kwara na wannan yanki, suna su, suna noma. Sarauta kuwa tana Birnin Yawuri, kudu maso gabas da mu, tafiyar da ba ta kai mil goma ba. Masu tarihi sun lissafa Yawuri cikin ƙasashen nan da ake kira Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nufe. Sunan bai yi mana daɗi ba, amma fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa ɗaukar Yawuri banza ba, gama ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta nan ta biyo, a bakin ruwan nan suke sauke jakuna su nemi masu fito.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, Sarkin Yawuri na lokacin, Albishir ɗan Ayi, ya nemi amana, aka ba shi. Ƙasar ta shiga ƙarƙashin Gwandu, sarauta ta tsaya a gidanta. A zamanin nan ne Bature Mungo Park ya wuce ta Yawuri cikin jirginsa, ya je ya halaka a duwatsun Busa a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har Birnin Yawuri neman takardun da ya bari, suka yi makonni ba su samu ba, sa'an nan suka bi Kwara har inda ta faɗa teku.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗin faɗa ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19 yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarauta, har fada ta koma tsibirin Ikum cikin kogi. Daga gabas kuma Umaru Nagwamatse da magadansa na Kwantagora suka yi ta yankar ƙasar. Sai a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, fada ta sauka a Yelwa ta zauna. Turawa suka zo, aka sa Yawuri cikin Lardin Kwantagora, daga baya Lardin Sakkwato. A 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, a 1991 Jihar Kebbi. Duk wannan sauye-sauye na takarda ne. Abin da ya sake wa garin kama shi ne ruwa.

A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji don samar da wutar lantarki, aka toshe kogin a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135, mai faɗin fili kusan murabba'in kilomita 1,300, mu kuwa muna can wajen ƙarshensa na arewa, a gaɓar gabas. Tsohuwar Busa ta nutse gaba ɗaya, aka gina wa mutanenta sabon gari. Babban tsibirin nan na Foge ya nutse. Wani sashe na tsohuwar Yelwa ma ruwa ya ci shi. Mutum fiye da 40,000 aka tasa daga ƙauyukansu, Gungawa da Kambari da Busawa da Lopawa da sauransu, aka zaunar da su cikin gidajen siminti da gwamnati ta gina. Ina roƙon matasa su tsaya su yi tunani a nan. Ƙauye in ya nutse, ba ɗakuna kaɗai ke tafiya ba. Gonar albasa ta tafi, maƙabartar kakanni ta tafi, ɗan masallacin ƙofar gida inda tsoho ya yi shekara hamsin yana sallar asuba shi ma ya tafi. Cikin dattawan da ke zaune gabanmu akwai waɗanda in sun shiga jirgi sun san daidai inda suke wucewa ta bisa garin haihuwarsu. Lantarkin da aka yi da ruwan nan ya haskaka birane masu nisa, ƙauyuka da yawa na bakin tafkin kuwa suka daɗe suna kunna fitilar ƙwai. Ban faɗi wannan don tada tsohon ciwo ba, sai don baƙinmu su san cewa mutanen da suka taru yau sun san abin da ake nufi da rasa masallaci.

Yanzu sai halin ruwan kansa, wanda ya shafi magina kai tsaye. Kwara sau biyu take kawo mana ambaliya a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, na damanarmu, wanda ke zuwa da laka daga gulaben Sakkwato da Zamfara da makwabtansu wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, kuma labarinsa abin mamaki ne. Ruwan sama ne da ya sauka kan duwatsun ƙasar Gini, ya gangaro Mali, ya bazu cikin fadamun Masina ya yi watanni a can, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya biyo ta kusa da Tambutu, ta Gawo, ta Yamai, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ɗaya ba ya sauka daga sama. Saboda haka tafkin nan ya fi cika da rani, ya fi janyewa daga bazara zuwa farkon damina, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai mita da dama. Baƙon da ya zo a watan Yuni ya ga fili shimfiɗe har bakin ruwa sai ya ce ga wurin gini. Manomi ya san filin nan aron tafki ne, yakan shuka ya girbe kafin mai shi ya dawo. Ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 sun nuna wa jama'ar bakin Kwara cewa ruwa ba ya tsayawa inda ya tsaya bara. Don haka, ya ku masu taimako, in kwamiti ya zo muku da lissafin harsashi kuka ga ya yi nauyi, kada ku ce a rage. Kuɗin da aka binne ƙarƙashin ƙasa ba mai ganinsa ranar buɗewa, ba a kuma rubuta sunan kowa a kansa, amma shi ke riƙe da hasumiya. A ɗaga daɓe, a yi magudanar ruwa tun yanzu, fenti da fitilu sa biyo baya. Alƙiblarmu tana gabas, ta ɗan karkata arewa, watau mai salla a nan baya yake ba tafki. To, kada mai gini shi ma ya ba shi baya.

Game da yawan jama'a, ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Yawuri kimanin mutum 100,000, Yelwa ce kuwa babban garinta. Ban yarda a auna masallacin nan da wannan lissafi ba. Yaran da aka haifa shekarar ƙidayar sun zama magidanta. Ban da haka, Yelwa gari ne mai cika da raguwa kamar tafkinsa. Ranar kasuwa jirage kan zo daga ƙetare da mutanen ƙauyukan ruwa. Lokacin albasa 'yan kasuwa kan sauko da manyan motoci. Masu sayen kifi, giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da busasshen warangi, kan zo daga kudu su kwana. Ga Sarkawa masunta, ga Nufawa da Yarabawa da Zabarmawa da suka daɗe da zama 'yan gari, ga Fulani, ga Dukkawa da Shangawa. A 'yan shekarun nan kuma an sami wasu baƙi da ba kasuwa ta kawo su ba, tsoro ne ya koro su daga ƙauyuka. Babu wanda ya manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da 'yan bindiga suka sace a watan Yuni na 2021. Wata guda kafin nan jirgin ruwa ya kife kusa da Wara ta ƙasar Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙarƙashin tafkin nan akwai kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya rufe su, a bisansa kuma akwai jiragen da ake loda wa abin da ya fi ƙarfinsu. Ina fata limamin da zai hau mumbarin nan zai riƙa yi wa matuƙa da fasinja huɗuba a kan lodi da rigar ruwa, domin kiyaye rai yana cikin addini.

Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira a shekara ta 622 ta Miladiyya, masallaci ya fara ginawa, a Kuba sa'an nan a Madina, kuma a cikinsa Muhajirai da Ansaru suka haɗa kafaɗa. Garinmu cike yake da waɗanda aka tasa, wasu ruwa ya tashe su, wasu bindiga, wasu neman abinci. Saboda haka ina roƙon kwamiti ya bar fili mai yalwa a harabar, da rumfa, don wanda ya sauko daga jirgi bai sami sahun ciki ba. A yi wurin alwala mai tsabtataccen ruwa, gama zama kusa da tafki ba shi ne samun ruwan sha ba, kowace uwa a garin nan ta san cutar tsargiya da ruwan gulbi ke sa wa yara. A keɓe wa mata wurinsu da ƙofarsu tun a zane, kada a bari sai an gama a yi musu ɗan ƙari a gefe. A kuma ware wani abu cikin asusu don albashin liman da ladan da mai shara, abin da aka fi mantawa da shi ranar tara kuɗi. Wanda ba shi da naira yana da jirgi, ya ɗauko yashi. Wanda ba shi da jirgi ya zo da ƙarfinsa ranar zuba kankare, kwamiti zai sa a yi shela.

Allah Ya karɓa daga waɗanda suka bayar, Ya hore wa waɗanda suka yi alkawari su cika, Ya jiƙan magabatanmu, na tudu da waɗanda ruwa ya rufe kushewarsu.