Wutar Lantarki da Ciwon Mafitsara Mai Naci a Jikin Mata



Zancen da zan yi yau ya shafi wani sashe na jiki wanda kunya kan hana a ambace shi a bainar jama'a, watau mafitsara. Ina roƙo a yi mini uzuri, gama aikin likita ba ya tafiya da rufa-rufa.

Akwai wata cuta wadda ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Mace takan ji zafi ko nauyi a mara, zafin yana ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika, ya lafa kaɗan in ta yi fitsari, sa'an nan ya komo. Lafiyayyar mafitsara takan riƙe wajen rabin lita, kuma fitsari sau shida zuwa takwas a yini ba abin damuwa ba ne. Amma wadda cutar ta tsananta mata takan ninka haka sau da dama, dare da rana, har barci ya gagare ta. A auna fitsarinta, a ce babu ƙwayar cuta. A ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, shiru babu sauƙi. Daga nan sai dangi su fara cewa raki ne, ko kuwa iska ce. Alhali kuwa tun wajen shekarar 1915 wani likitan mata, Guy Hunner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ya bayyana wasu jajayen miyaku da ya gani a cikin mafitsarar irin waɗannan mata. Kaɗan ne daga cikinsu ke da miyakun. Sauran ko an leƙa ba a ganin abin a-zo-a-gani, amma ciwon yana nan daram.

To, me ya haɗa lantarki da wannan al'amari? Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san minjirya, kifin nan mai fizgar hannun wanda ya taɓa shi. Wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, a ƙarni na farko na Miladiyya, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan fizga. Dalilin abin bai fito fili ba sai a 1965, lokacin da masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ake kira ƙa'idar ƙofa. Sun ce saƙon zafi yana bin siraran jijiyoyi zuwa laka, saƙon taɓi kuma yana bin masu kauri, kuma in masu kaurin suka yi ta aikawa, sai su rage abin da ke wucewa na zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Kowannenmu ya san haka ba tare da ya karanta ba: in ka yi tuntuɓe, abin da kake fara yi shi ne murza wurin. Wutar da likita ke amfani da ita, wadda ba ta wuce ta ɗan batir ba, murzar nan take yi wa jijiya.

Hanya mafi sauƙi ita ce na'urar da ake kira TENS. Ana manna wasu 'yan faifai a kan mara ko ƙugu, a kunna, mace ta ji kamar tafiyar kiyashi. Likita Magnus Fall da abokan aikinsa a ƙasar Suwidin sun ba da rahoton gwada ta a kan wannan cuta a 1980, daga baya kuma suka lura ta fi amfanar masu miyakun nan na Hunner. Hanya ta biyu ta fi ban mamaki: siririyar allura ce ake sokawa sama kaɗan da idon sawu, minti 30, sau ɗaya a mako har mako 12. Ina ruwan ƙafa da mafitsara? Jijiyar da ke wurin tushenta ɗaya ne da jijiyoyin mafitsara, can ƙarshen gadon baya. Ta uku kuwa sai da tiyata: a sa waya kusa da tushen jijiyar, a gwada na 'yan kwanaki, in an ga sauƙi a dasa ɗan batir ƙarƙashin fata. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar InterStim a 1997, amma domin masu kasa riƙe fitsari ne, ba domin zafi ba. Wannan bambanci ya kamata a riƙe shi.

Ra'ayina shi ne, lantarki jijiya yake lallashi, ba mafitsara yake warkarwa ba. Wasu mata sukan sami sauƙi ƙwarai, wasu kaɗan, wasu ko alama. Na dasawar kuma yana da tsada, wayar takan goce, wurin yakan yi zafi ko ya harbu, har a koma tiyata. Shi ya sa likitoci ba sa farawa da shi. Sukan fara da rage abin da ke tayar da ciwon, kamar kofi da shayi da lemun tsami da yaji, da gashin ƙashi na sassauta naman ƙugu, da magunguna.

Abin da ya fi damuna a ƙasarmu shi ne a yi magani kafin a san cuta. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da madatsai, tana kawo zafin mafitsara da jini a fitsari, kuma tana da maganinta na sha mai araha. Tsakuwa da tarin fuka da ciwon daji ma sukan kama mafitsara. Wadda ta sayi na'ura hannun ɗan talla ta danne zafin ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin neman magani take ɓatawa. Mai ciki kuma, da wadda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, kada su manna ta sai da izinin likita.

Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ranar da ma'aikaciya ta riƙa neman izinin fita kowane rabin sa'a, a nuna mata hanyar likitan mafitsara kafin a rubuta mata takardar tuhuma.