Auren Mangwaro a Gida: Jawabi ga Tsofaffin Ɗalibai



Da yawanmu mun doshi ritaya, kuma kowa ya san kuɗin fansho ba sa riƙe gida. Don haka na zaɓi in yi magana kan auren itatuwa, sana'ar da ni ma ɗan koyo ne a cikinta.

Me ya sa ake aure? Wanda ya shuka ƙwallon mangwaro yakan jira shekara 6 ko fiye, kuma ba lalle 'ya'yan su yi zaƙin na uwar ba. Mai aure kuwa yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, iri ɗaya sak da bishiyar da aka yanko reshen. Akwai lemun zaƙi marar ƙwallo da aka kai Kaliforniya ta Amurka a 1873, asalinsa daga Barazil. Tunda ba shi da ƙwallon shukawa, ta aure aka yaɗa shi a duniya.

Ga yadda nake yi. Ina shuka ƙwallon mangwaron gida a leda har kaurinsa ya kai na fensir. Sai in yanko kan reshe mai lafiya, tsawon santimita 10 zuwa 15, daga bishiya mai daɗi irin Binta Siga, in cire ganyen. In datse kan dashen, in tsaga shi kamar santimita 3 da sabuwar reza, in feƙe gindin reshen ta gefe biyu, in cusa shi a tsagar.

Sirrin yana ƙarƙashin ɓawo. Nan ne tsokar da ke girma take, don haka dole ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne. Sai a ɗaure tamau da zirin leda, a kifa wata ledar a kai, a ajiye a inuwa. Bayan mako 2 zuwa 3 za a ga toho. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a cire shi. A guji lokacin hunturu, domin iskarsa takan busar da reshen. Kuma mangwaro ba ya auren gwaiba, sai ɗan'uwansa.

Roƙona shi ne kowane aji ya kawo dashe 10 harabar makarantarmu a daminar bana, mu koya wa ƙannenmu da hannunmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.