Ƙwan Fitila Mai Jin Magana: Jawabi a Taron Ƙungiyarmu na Wata-wata a Bauchi

  An ce in yi bayani a kan sabon ƙwan fitilar nan da ake kunnawa da wayar hannu, saboda 'ya'yanmu sun matsa wa iyaye a saya, iyaye kuwa ba su san abin da za su saya ba. To ni ɗan kasuwa ne, abin da na gani a kanti da gidajen jama'a shi zan faɗa.

Da farko bari mu yi lissafi, domin kuɗi ne tushen maganar. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda muka taso da shi tun zamanin NEPA, yana cin wat 60. Na zamani da ake kira LED yana ba da haske daidai da nasa da wat 9 kacal. Alal misali gida mai ƙwai goma, ana kunna su awa shida kullum. Da tsohon ƙwai, a wata za a ci yunit 108. Da LED, yunit 16 da 'yan kai. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. A kan wannan farashi, na farko ya haura naira dubu 24 a wata, na biyu bai kai dubu huɗu ba. Yawancinmu ba a rukunin nan muke ba, amma kowa ya duba takardarsa ta JED ya ninka da nasa farashin. Ƙwan nan mai lanƙwasa kuwa, da muke ce wa enaji seba, ya yi zamaninsa. Akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe kada yara su yi wasa da kwalbar.

To shi mai jin magana, LED ne shi ma, sai dai an sa masa ɗan kwamfuta a gindi. Kamfanin Philips ya fito da nasa mai suna Hue a 2012, yanzu kuwa na Sin sun cika kasuwa. Kana kwance ka rage haskensa, ka sauya launinsa, ka ba shi lokacin kamawa da na mutuwa. Kashi uku ne: mai rimot, mai bulutut wanda sai kana kusa da shi, da mai waifai wanda ko kana Kano za ka kunna na Bauchi.

Wannan na ƙarshen shi ke jan hankalin irinmu. Mu mutane ne masu gida biyu. Sallah ta zo, ko biki, ko rasuwa, an kwashe iyali an tafi Kano ko Katsina ko Zariya, an bar gida a kulle mako guda cikin duhu, duk mai wucewa ya san ba kowa. Fitilar da za ta kama da magariba ta mutu da asuba tana rufa wannan asiri. Amma jama'a, a kula da sharaɗinta. Sai da wuta a gidan, sai kuma na'urar waifai tana kunne da data a cikinta. Ɗaya ya yanke, to kana can kana danna waya, ba wanda ke amsa maka. Wato wanda ba shi da sola ko inbata, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba.

Akwai wani halinsa da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Dole makunnin bango ya zauna a kunne dare da rana. Yaro ya kashe a bango, ƙwan ya kurumce. Kuma da yawa daga cikinsu, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai su kama da cikakken haske ko da a kashe aka bar su. A ƙasar da aka ƙirƙiro su wannan ba damuwa ba ce. A nan kuwa, ƙarfe biyu na dare sai ɗaki ya haske kamar rana, jinjiri ya farka, uwargida ta tashi da faɗa. Wasu suna da wurin gyara wannan a cikin waya. A tambaya kafin a biya.

Sai kuma maganar wa ke riƙe da wayar. Na san gidan da ɗa ya sa wa mahaifiyarsa irin wannan don kyautatawa, ya saita shi a wayarsa, ya kashe, ya fita. Tsohuwa ta yi ta lalube a duhu har ya dawo daga hira. Ɗakin tsofaffi da makewayi da ɗakin girki, a bar musu makunnin da hannu ya saba da shi.

Ni a ganina, gidajenmu na Jahun da Kobi da Bakin Kura sun fi bukatar iri biyu da ba a yi musu talla sosai. Na ɗaya mai caji, wanda ke da batir a ciki: an ɗauke wuta, shi yana nan yana haske, yara su ƙarasa karatunsu ba tare da an tada janareto ba, ga man fetur yadda ya zama tun da aka cire tallafi a 2023. Illarsa batirin ba ya son zafi, kada a rufe shi cikin gilashi, kuma in ya kumbura a cire shi nan take. Na biyu mai ido, wanda ke kama kansa in duhu ya yi ko in ya ga motsi. Wannan shi ne na zaure da ƙofar gida, kuma ba ruwansa da data.

In za a shiga Wunti ko Muda Lawal saye, a tafi da tsohon ƙwan a aljihu, domin gindi iri biyu ne, mai fil da mai murɗawa. Kada a ruɗu da wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. A nemi lambar lumen, ita ce ma'aunin haske, 800 ta wadatar da matsakaicin ɗaki. Lamba 6500 farin haske ne tas, na shago da wurin ɗinki. 2700 kuwa ja-ja ne, ya fi sanyi a ido wurin kwana. A duba kuma ko an rubuta yana ɗaukar wuta mai rauni, kamar daga bolt 100 ko ƙasa da haka zuwa 260, don mun san yadda tamu ke sauka da yamma. A sa mai kanti ya gwada a gabanka, ya rubuta kwanan wata a jikin kwalin. Wanda ya ƙi, maƙwabcinsa na nan.

Wanda duk da haka yake son mai waifai, ya fara da guda ɗaya a falo ko tsakar gida, ya zauna da shi wata guda, ya ji ta bakin matan gida, sannan ya ƙara.

Shugaba, na ga ana duban agogo. Mai tambaya ya same ni bayan an tashi.