Kowane Lokaci Da Miyarsa

Yau za mu ɗan ajiye alli, mu yi maganar tukunya. An ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Mai jin yunwa ba ya karatu, marar lafiya kuwa ba ya noma.

Kowa ya san murhu duwatsu uku gare shi. In aka cire ɗaya, tukunya ta kife. To, abinci ma aikinsa uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, watau gero da dawa da masara da mai. Akwai mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da riɗi da nono da ƙwai da kifi da nama. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, shi ne ganye da 'ya'yan itace. Yaron da a ke ɗura wa koko tsura kullum, cikinsa ya cika, amma tukunyarsa a kan dutse ɗaya ta ke. Sai ka ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan cuta a 1933 a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Ta ga tana kama yaran da aka yaye, aka bar su da kunun masara kaɗai.

Mu a ƙasar nan, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da Babura, Allah ya raba mana duwatsun nan uku cikin shekara.

Da damina rumbu ya kan yi ƙasa, musamman a watan Agusta, ga aikin gona ya yi yawa. Amma lokacin ne ganye ya ke ko'ina: rama, zogale, tafasa, lalo, alayyafo da yaɗiya. Kada mu raina kwaɗo, mu ce abincin talaka ne. Zogale da ƙuliƙuli da albasa, in an haɗa da ɗan tuwo, murhu ya cika. A wanke ganye kafin a yanka shi, ba bayan an yanka ba. Kada a bar shi bisa wuta har ya mutu. A rage kanwa, don yawanta yana kashe amfanin abinci. A sa ɗan man gyaɗa ko manja, gama amfanin ganye da ke tsare ido ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba.

Da kaka abinci ya wadata. Yara suna gasa tumu, uwargida tana miyar taushe da kabewa da yakuwa. A nan ne mu ke yin kuskure babba. Maigida ya kan kwashe wake da gyaɗa da riɗi ya kai kasuwa sa'ad da su ke araha, sa'an nan ya dawo saye da damina, sun yi tsada. Kafin a ɗaure buhun kasuwa, a fid da na gida tukuna. A shanya gyaɗa ta bushe ƙayau. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ba yara, kada a yi ƙuliƙuli da ita. Akwai guba a ciki mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe ta. An gane gubar nan bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Wake kuma kada a barbaɗa masa maganin feshin gona. A zuba shi busasshe cikin jarka ko buhu mai leda, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin su mutu da kansu.

Da hunturu masu lambu a fadamu da bakin madatsun ruwa su kan kawo tumatir da tattasai da albasa da karas. Ranar da tumatir ya faɗi a kasuwa, ranar yin kauɗa ke nan. A yanka, a shanya bisa tabarma mai tsabta, ba a gefen hanya cikin ƙura ba. Kuka da zogale kuwa a inuwa a ke shanya su, don rana tana cinye amfaninsu. Kuka mai kyau kore ce shar.

Da bazara ga mangwaro, ga ɗorawa ta nuna. Yara su sha garinta, kalwar kuma mata su dafa, su rufe ta kwana biyu ko uku ta zama daddawa. Ɗunƙulen kanti yawancinsa gishiri ne, yawan gishiri kuwa yana kawo hawan jini. Daddawa ita ɗanɗano ce, kuma abinci ce mai gina jiki. Gishirin da za a sa kaɗan ɗin, a nemi mai sinadarin aidin, shi ke hana maƙoƙo.

Sauran magana ɗaya. Jariri nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga nan a ƙara masa kunun gero da aka dama da gyaɗa ko garin wake, a ci gaba da ba shi mama. Ƙaramin yaro a zuba masa a kwanonsa dabam, don a akushin taro manya sun fi shi hannu.

To, ga aikin gida. Kowa ya ɗauki littafinsa, ya rubuta ranakun mako bakwai. Gaban kowace rana ya rubuta abin da aka ci a gidansa. Mako mai zuwa mu karanta tare, mu ga gidan da dutse ɗaya ya ɓace. Wanda ya ji, ya gaya wa na cikin gida. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.