Tsuntsun Kyuba da Shinkafar Dajin Tekzas

Wannan jawabi saboda hakimai da magatakardansu aka shirya shi, a kan halitta biyu na can ƙetaren teku, ɗaya tsuntsu, ɗaya ciyawa.

Tsuntsun yana tsibirin Kyuba, mutanen can suna ce masa zunzuncito. Duk duniya ba tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta: tsawonsa bai wuce inci 2 da rabi ba, nauyinsa kuwa wajen giram 2. Wani masani, Juan Gundlach, shi ya gano shi a 1844. Ruwan fure yake sha kamar sha-kaucinmu, ko da yake ba danginsa ba ne. Yakan tsaya cak a iska gaban fure, yana kaɗa fiffike wajen sau 80 a daƙiƙa. Macen kan yi ƙwai biyu, kowanne kamar ƙwayar wake.

Ciyawar kuwa shinkafar daji ce, ba a samunta ko'ina sai a ɗan yankin sama na kogin San Markos, cikin jihar Tekzas ta Amurka. Ganyenta dogaye ne, a cikin ruwa suke kwance, kuma ba ta rayuwa sai a ruwa garau mai gudu. Kogin daga marmaro yake fitowa, marmaron kuma daga ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda birane da gonaki ke ja ta rijiyoyi. A farin 1956 marmaron Komal da ke kusa ya ƙafe har wajen wata biyar. A 1978 gwamnatin Amurka ta sa ciyawar cikin masu fuskantar ɓacewa, a 1993 kuma Tekzas ta kafa hukumar da ke ƙayyade ruwan da ake ja. An yi ta dasa ta, ta ƙara yaɗuwa.

Tsuntsu yana da fiffike, in an sare wannan kurmi ya nemi wancan, amma ana ta mai da kurmin gonaki da makiyaya, shi ya sa yake raguwa. Ciyawa ba ta da inda za ta je. Kogi ɗaya ya ƙafe, ta ƙare ke nan. Abin da ke cin su biyun ɗaya ne, watau rasa mazauni.

Saboda haka hakimin da aka kawo wa maganar sare kurmi ko haƙa rijiyoyi kusa da marmaro, ya kamata ya sa magatakarda ya bincika, ya rubuta abin da ke rayuwa a wurin, tun kafin a ba da izini.