ZAMA WURI ƊAYA A DOGUWAR TAFIYA: HATSARIN DASKAREWAR JINI A ƘAFA

'Yan uwa matasa na Sarandosa, Jega, Aliero da Maiyama, maganarmu ta yau a kan ƙafa ce. Da yawanmu muna bin lodin albasar Aliero zuwa Legas, ta Koko, Yauri da Kontagora, a takure, gwiwa a naɗe, wuni da kwana. Wasu suna zama a jirgin Hajji ko Umara, wasu kuma suna kwance makonni bayan ɗorin karaya. Duk hatsari guda ke bibiyarsu.

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma wajen dawowarsa sama, tsokar sharaɓa ce ke matse jijiyoyi kamar famfo duk lokacin da ka taka. In ka daina motsi, jinin sai ya kwanta, yana iya zama guda a cikin jijiyar da ke can ciki. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, zai toshe hanyar jini, mutum ya faɗi nan take. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka wannan hatsari, a jirgi ne ko a mota. Kada wani ya ce ai shi matashi ne. Karaya, tiyata, ƙiba, ko gadon ciwon a gida, duk suna ƙara shi.

Rigakafin ba ya cin ko kwabo. Duk inda mota ta tsaya, don salla ko shan mai, sauka ka taka. In ba halin sauka, ka riƙa ɗaga dunduniya da yatsu kana juya idon sawu, duk bayan rabin awa. Ka sha ruwa, kada ka ƙi sha don gudun fitsari. Mai jinyar karaya ya riƙa motsa duk gaɓar da aka yarje masa ya motsa.

Sai safar matsi. Ita ba safar ƙwallo ba ce. An saƙa ta ne ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa zuwa ƙasan gwiwa, don ta taimaka wa jini ya hau. A auna ƙafa kafin a saya, kuma kada a naɗe bakinta, domin sai ta koma ɗauri. Mai ciwon suga ko ƙarancin gudun jini a ƙafa ya fara tambayar likita.

To, in ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo a sharaɓa, kada a yi tausa, kada a yi ƙaho, kada a ce targaɗe ne. A tafi asibiti ranar. Hoto ne zai tabbatar, maganin kuma na tsinka jini ne, irin su heparin da warfarin, aƙalla wata 3. Safa ba ta narkar da gudan jini. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ko tari da jini, ba a jiran wayewar gari.

Kowa ya isar wa abokin tafiyarsa. Allah Ya ba mu lafiya. Wassalamu alaikum.