Kuɗin Albasa da Bencin Makaranta

Duk wanda ya ga ana lodin albasa a Aliero, ko ya kutsa kasuwar Jega, ya san akwai kuɗi a yankin nan. To amma leƙa wasu makarantun firamare na ƙauyukanmu, har can Maiyama: yara zaune a ƙasa, iska ta yaye kwano, allo ya koɗe.

Gyara haƙƙin gwamnati ne, ba mu ɗauke mata ba. Sai dai tun 2006 aka kafa jami'a a Aliero, kuma yaron da ya bar firamare bai iya karatu ba, ina shi ina ƙofarta? Alhazanmu, ku zauna da kwamitin makaranta, ku sayi benci da kwano. Kaya za ku miƙa da hannunku, ban da tsabar kuɗi.